Haruffan Saudatu a Jikin Kwalba

Duk wanda ya yi karatu a jami'ar Wudil a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai taɓa shiga shagon Saudatu Halliru ba. Yana Sabon Garin Wudil, a jerin shagunan da ke kallon titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da lemo. Ba wani babban shago ba ne. Kwamfuta biyu ce, da firinta, da injin fotokwafi mai yawan cinye takarda, sai dogon benci na masu jira. Ɗalibai na kawo mata aikin makaranta ta buga musu, mutanen gari da na ƙauye kuma katin biki da na suna da na saukar Alƙur'ani.

'Yar Indabo ce, wani ƙauye a ƙasar Wudil. Mahaifinta, marigayi Malam Halliru, dillalin shanu ne a Kara, kasuwar shanu ta Wudil, kuma tun tana ƙarama takan bi shi ran Juma'a ɗauke da ƙwaryar furar da innarta ke damawa ta sayarwa. Idan fura ta ƙare sai ta hau kan katanga ta zauna tana kallon shanu har a tashi. A nan ta iya rarrabe su ta ƙaho: farare masu ƙaho a buɗe kamar mai ɗaga hannu yana addu'a, jajaye masu dogon ƙaho da ke murɗewa a sama, da bokolo wanda kansa fayau yake ba komai. Su biyu ne a wurin innarsu, ita da yayanta Yahuza. Shi ya tsaya a gona, ita ta gama sakandare, ta yi difloma a fannin kwamfuta a Kano, ta auri Malam Garzali malamin firamare, suka zauna a Wudil. Ranar da ta buɗe shago, Yahuza ne ya ɗauko mata kwamfutar farko a bayan babur, kuma shi ya haɗa bencin nan da hannunsa.

Abin da ya fi ƙona mata rai a sana'ar shi ne haruffa ukun nan masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ. Kwamfuta cike take da salon haruffa iri-iri, abin da masu shago ke kira fon, amma duk masu kyan ba su san da zaman Hausa ba. Ta zaɓi salo mai kyau don katin ɗaurin aure, sai wani ɗan akwati ya fito a gurbin ɗ. Wani lokaci kuma kwamfutar ta aro harafin daga wani salon daban, ya tsaya siriri a tsakiyar masu ƙiba, duk ya ɓata layin. Yawancin masu shago sun daɗe da haƙura, suna bugawa ba ƙugiya. Ita ma ta taɓa bin su, har ranar da ta yi wa wata Islamiyya bana, wato ƙyallen sanarwa, ta walima aka rataya a ƙofar makaranta: "Muna maraba da manyan baki." Yaran unguwa suka yini suna wangale baki a gaban banar suna dariya. Shugaban makarantar bai yi mata faɗa ba, amma bai sake kawo mata aiki ba.

A shekarar korona, da aka rufe makarantu kuma malaman jami'a suka tafi dogon yajin aiki, Sabon Gari ta yi tsit. Saudatu takan buɗe shago ta zauna har la'asar ba wanda ya leƙo. A wannan zaman ne ta ci karo da wani bidiyo a waya, wata mata tana nuna yadda ake zana salon haruffa tun daga farko da wata manhaja ta kyauta. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa haruffan kwamfuta mutum ne ke zama ya zana su ɗaya bayan ɗaya ba. Ta kalli bidiyon har ta haddace shi, sannan ta sayo takarda da fensir.

Da ƙ ta fara. Ta ce da mijinta, “Malam, ka ga k bokolo ce. Ita kuwa ƙ saniya ce mai ƙaho. Su Turawa da suka ƙara mata ƙugiyar, kamar da kunya suka maƙala ta, shi ya sa ba a gani.” Sai ta ba ƙ ƙahon farar saniya, a buɗe, mai kauri daga tushe yana sirancewa zuwa tsini. Ta ba ɗ ƙahon jar saniya, mai ɗan murɗawa. Jikin haruffan kuma ta yi shi da nauyi, irin nauyin rubutun alƙalamin kara, don tsoho mai raunin ido ya iya karantawa. Takan zana a takarda, ta ɗauki hoto da waya, ta bi layin a kwamfuta. Wuta ta ɗauke, aikin yini ya tafi, gobe ta sake. Da aka koma makaranta, Malam Garzali ya riƙa tafiya da takardun gwaji ajinsa, ya dawo ya ce yara na rikita ɓ da b daga bencin baya, ta ƙara wa ƙahon tsawo. Wata rana ta kai wa innarta a Indabo. Tsohuwar ba ta karatun boko, amma ta ɗora yatsa a kan ƙ ta ce, “Wannan ai farar nan ce ta babanku.” Saudatu ta ce a ranar ta san aikin ya yi. Ta sa wa salon suna Ƙaho.

Sama da shekara ta yi a kansa. Da ya kammala, duk abin da ya fita daga shagonta da Hausa, da Ƙaho yake fita. Kati, bana, takardun koyon karatu na makarantar mijinta, sanarwar rigakafi, jadawalin azumi. A Indabo da maƙwabciyarta Lajawa kusan ba gidan da ba a liƙa wani abu da ta buga ba. Mutane ba su san wani suna Ƙaho ba, rubutun Saudatu suke ce masa, kuma ko daga nesa suka hango shi sun gane. Yahuza ya fi kowa alfahari. Shi da karatun bokonsa bai wuce firamare ba, sai ga shi yana tsayawa gaban bana a kasuwa yana karantawa da ƙarfi, sannan ya juya ya ce da na kusa da shi, “Ƙanwata ce ta yi.”

Dakta Isyaku, wani malamin kwamfuta a jami'ar, mutumin Gombe, shi ya fara lura da cewa wannan ba salon da ya sani ba ne. Ya zo buga katin sunan 'yarsa, ya ɗaga katin ya daɗe yana kallo.

“Malama Saudatu, a ina kika samo wannan fon ɗin?”

“Ni na zana, Dakta.”

“Ke da kanki? Duka?”

“Har lambobi.”

Ya zauna a benci ya sa ta nuna masa komai. Daga ƙarshe ya ce, “Wannan bai kamata ya tsaya a shago ɗaya ba. Masu Hausa miliyoyi ne, kowa na fama da abin da kika yi fama da shi. Ki bari in taimaka miki mu ɗora shi a intanet kyauta, duk mai so ya sauke. Sadaka ce mai gudana.”

Ta yi shawara da mijinta, ya ce alheri ne. Aka ɗora. Dakta Isyaku bai yaudare ta ba, da sunanta aka sa, kuma abin da ya faɗa ya faru. Saƙonni suka fara shigowa. Wata malama a Damagaram ta turo hoton littafin yara da ta buga da shi. Wani a Kumasi ya yi allon masallaci. Wani mai gidan burodi a Jos ya sa a leda. Saudatu takan nuna wa ɗalibai hotunan tana murmushi, ta ce ita ko Kaduna ba ta taɓa zuwa ba, ga shanun babanta har Gana.

Damina biyu bayan haka, tsutsa ta sauka a wake da wuri. Yahuza ya shuka wake a kusan duk gonar gidansu, ya kuma karɓi aron wata a gefen Lajawa, don a bara wake ya yi daraja. Lokacin da fure ya fara, ya shigo kasuwar Juma'a neman maganin feshi. A bakin hanyar Kara ya tarar da wasu baƙi biyu sun buɗe bayan mota, suna talla da lasifika. Kwalaben maganin da ya saba saye duk da Turanci ake rubuta su, sai ya nemi mai karanta masa. Wannan kuwa da Hausa ne tsaf: sunan magani, yadda ake haɗawa, murfi nawa a jarka. Kuma da haruffan ƙanwarsa, ga ƙahon farar saniya a kan "ƙwari" da "ƙarfi".

Bai kira ta ba. A ganinsa babu abin tambaya. Tunda rubutunta ne, daga shagonta takardar ta fito, kuma Saudatu ba za ta buga wa macuci aiki ba. Ya saya da yawa. Da ya koma Indabo ya nuna wa maƙwabta a majalisa, ya ce ga magani mai sauƙi, kuma ya bi ta hannun ƙanwarsa. Juma'ar da ta biyo baya mutanen Indabo da na Lajawa suka yi wa motar dafifi. Daga ranar ba a sake ganin baƙin ba.

Abin da ke cikin kwalaben ruwa ne mai kala da ɗan kananzir don wari. Inda aka zuba da yawa ganye ya ƙone, inda aka bi ƙa'ida tsutsa ta ci abinta hankali kwance. Kafin manoma su gane su nemi na gaske, fure ya zube, 'yan kwanson da suka fito duk a huje.

Da hantsi Yahuza ya iso shagon. Ɗalibai na zaune a benci. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ajiye kwalba a kan teburinta, ya zaro kwanson wake daga aljihu ya zube kusa da ita.

“Saude, wa ya kawo miki aikin nan?”

Ta ɗauki kwalbar ta juya. “Yaya, ni ban buga wannan ba. Ban taɓa ganinsa ba.”

“Ba rubutunki ba ne?”

“Haruffana ne, amma ba ni na buga ba. Kowa zai iya saukewa daga intanet ya yi aiki da su. Ko a Legas ne, ko a Onica.”

“Kowa?”

“Kowa, Yaya.”

“Ko ɓarawo?”

Ta ajiye kwalbar a kan tebur, shi kuma ya ci gaba.

“Kuma kin san da haka ba ki taɓa gaya mini ba? Ina yawo gari-gari ina cewa duk inda aka ga rubutun nan ke ce?”

“Na nuna maka hotunan Damagaram, na ce maka...”

“Na ɗauka aiko miki suke yi ki buga musu!” Ya daka tsawar da ta sa ɗaliban suka miƙe suka fita. Sai ya sassauta murya. “Mutum nawa na ja? Har Baba Ɗanlami, da ba shi da komai sai 'yar gonar nan, ni na kai masa kwalba har gida.”

Maganar ta kai gaban dagacin Indabo. Aka kira Saudatu, ta je da mijinta, Dakta Isyaku ma ya ajiye darasinsa ya bi su a motarsa. Ƙofar gidan dagaci ta cika, wasu riƙe da kwalaben. Saudatu ta durƙusa daga gefe, ta rantse ba ta san masu maganin ba. Dakta Isyaku ya nemi izini, ya fito da wayarsa, ya ce dagaci ya faɗi duk kalmar da yake so. Dagaci ya faɗi sunan kakansa. Dakta ya rubuta, sunan ya fito da haruffan Saudatu, aka zagaya da wayar hannu zuwa hannu.

“Ranka ya daɗe, ka ga ni na rubuta, ba ita ba. Haka su ma suka yi. Kuma idan akwai laifi a sakin haruffan nan, nawa ne, ni na ba ta shawara.”

Baba Ɗanlami, tsohon da Yahuza ya kai wa kwalba, ya karɓi wayar ya duba, ya miƙa. Ya ce, “Mun ji, Malam. Ba ita ta rubuta ba. Ta dai ajiye hannunta a bakin hanya, duk wanda ya zo ya ɗauka ya mare mu da shi.”

Dagaci ya yanke cewa Saudatu ba ta da laifi, ya ce a kai kwalaben ga hukuma a nemi masu motar, ya yi addu'a aka tashi. 'Yan sanda ma sun zo sun duba kwamfutocinta, ba su sami komai ba, suka ba ta haƙuri. Masu motar dai har yau ba labarinsu.

An wanke ta a gaban dagaci, amma a gari maganar ba ta wanku ba. Wasu suka ce da ita aka haɗa baki, an dai rufa mata asiri ne saboda tana da manya a jami'a. Waɗanda suka yarda da ita ma suka daina son ganin haruffan. Mai kawo katin biki sai ya ce, “Hajiya, a sa mana na Turawan nan, kar a sa wancan.” Wani ya ce idan dangin amarya na Lajawa suka ga rubutun a kati, ba za su zo ba. A Indabo aka bi bango aka ɓamɓare jadawalin azumi da takardun rigakafi. Innarta ta daina zuwa gidan suna, don duk inda ta zauna sai hira ta mutu. Shugaban makarantar Malam Garzali ya kira shi gefe ya roƙe shi ya ajiye takardun koyon karatun tukuna, iyaye na magana.

Saudatu ta sami Dakta Isyaku a ofishinsa ta ce a cire Ƙaho daga intanet.

“Zan cire daga inda muka sa, yau ɗin nan ma,” in ji shi. “Amma gaskiya ba zai hana komai ba. Dubban mutane sun sauke, wasu shafukan sun kwafa sun sa a nasu. Ba ya dawowa.”

“Ko da ni mai shi na ce ba na so?”

“Ko da ke kika ce.” Ya cire tabarau ya murza ido. “Ki yafe ni, Malama Saudatu. Ni amfanin kawai na hango.”

Ta ce ba komai, Allah ya riga ya rubuta. Ta goge Ƙaho daga kwamfutocin shagonta ranar. Amma ba ta daina ganinsa ba. Ta hau mota zuwa Kano, ga shi a fastar 'yan siyasa a jikin gada. Ga shi a takardar masu maganin ƙarfin maza da ake liƙawa a tasha, ga shi a jikin buhun taki da ba ta san ko na gaske ba ne. Kowanne ta gani sai ta fara tunanin wa zai saya saboda ita. Wata ƙungiya ta masu zanen haruffa ta turo mata gayyata zuwa taro a Abuja, suna yabon Ƙaho, suna so ta zo ta yi bayanin yadda shanu suka zama haruffa. Malam Garzali ya ce ta je, ko don ta sha iska. Ta ce, “In je in tsaya ana tafa mini, Yaya na can ba shi da waken da zai kai wa mai gona?” Ba ta ko amsa saƙon ba.

Yahuza ne abin ya fi dannewa. Bai yi gaba da ita ba. Idan ta je Indabo yakan amsa gaisuwa, ya tambayi yara, sannan ya tuna yana da wani uzuri a waje. Mutanen da suka saya a kan maganarsa ba su kai shi ƙara ba, amma ya daina zama a majalisa, kuma da aka tashi zaɓen shugaban ƙungiyar manoma, wanda kowa ya san shi za a ba, ba a ko ambaci sunansa ba. Saudatu ta aika masa buhunan masara ta hannun mijinta, ya sa aka kai ɗakin Inna, ya ce a gode mata. Sau ɗaya ta tare shi a zaure ta ce, “Yaya, don Allah ka ce wani abu. Ko zagina ne ka yi.” Ya ce, “Me zan ce, Saude? Ban ce kin cuce ni ba. Amma da ban ga rubutunki ba, da ban saya ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma na rasa yadda zan yi da su.”

Da rani ya mayar da gonar aro, ya bar ta gidan a hannun ɗan baffansu. Wani abokinsa ya samo masa aikin gadi a wani kamfani a Fatakwal, aka ce ya taho da hotonsa ƙanana da kwafin katin ɗan ƙasa. Saudatu ba ta san da tafiyar ba. Tana tsaye tana zaro takardar da injin fotokwafi ya cinye, ta ɗaga kai ta hango babur ɗinsa a tsallaken titi, a ƙofar wani sabon shago da wasu samari suka buɗe. Can ya fito yana hura hotunan don su bushe. Suka haɗa ido. Ya ɗaga mata hannu, ta ɗaga masa. Ya ɗan tsaya kamar zai tsallako, sai wata tirela ta shanu ta ratsa tsakaninsu, kafin ta wuce ya tada babur.

Yana Fatakwal har yanzu. Yakan kira Inna ran Juma'a, idan Saudatu na kusa a miƙa mata wayar su gaisa. Shagon na nan, ɗalibai na cika shi lokacin jarrabawa, kuma aikinta na da tsabta kamar kullum. Wani ɗalibin Dakta Isyaku ya taɓa zuwa ya ce yana so ta koya masa zanen haruffa don aikinsa na kammala digiri. Ta ce masa ta manta yadda ake yi, ta tambaye shi ko yana da abin bugawa.